Motar da Inna Moza Ta Shiga

Ranar Alhamis ce, cikin hutun makaranta na tsakiyar shekara. Rana ta fito fes, babu iska, teku kwance kamar an yi masa guga.

Motoci biyu suka shigo Mirbat gab da azahar. Ta gaba ta Halfan ce. Ba a taɓa ganin haka ba.

A dangin matarsa Zuwaina akwai wata ƙa'ida. In za a yi tafiya, motar da tsohuwarsu Inna Moza ta shiga ita ce gaba. Mai motar shi ke cewa a tsaya, shi ke cewa a tashi, shi ke zaɓen inda za a sha gahawa. Tun da mijinta ya rasu, motar ɗanta Hamud take shiga. Duk shekara, in yayyafin damina ya sauka a Salala, Hamud ya ja ayari tun daga Ibri, Halfan na biye yana shaƙar hayaƙinsa. Ga shi Hamud ƙanin matarsa ne, a gabansa ya yi famfara.

Bana Halfan ya ce abin ya ishe shi. Tun suna gida ya je ya sami tsohuwar a tsakar gida tana tsince dabino.

"Inna, Salala ta zama kasuwa. Mutum ya kwana a hanya don ya je ya tsaya cikin cunkoso, ya leƙa ta taga ya ga maƙwabcinsa na Ibri. Ni na san gari. Babu hayaniya, babu hon, daga ke sai teku. Kuma ba da damina za mu je ba, da damina kowane wawa ya san hanya."

"Wane gari?"

"Mirbat."

"Na san ta," in ji tsohuwar. "Ina amarya marigayi ya kai ni a gaban babbar mota. Ya gasa mini mudbi a bakin ruwa, a kan duwatsu masu zafi. Tun daga ranar, duk naman da na ci, ci kawai na yi."

"Mudbi? Ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Wallahi tallahi, ranar da muka sauka, kafin a gama kiran magariba sai kin ci mudbi daga hannuna."

"Ka rantse fa."

"Na rantse, na sake."

"To. Zuwa, taka zan shiga. Dawowa kuwa, sai na ci na ji."

Halfan bai taɓa gasa mudbi ba. Ya dai taɓa tsayawa kusa da mai gasawa. Saninsa da teku kuma, sau ɗaya ya shiga jirgin fito zuwa tsibirin Masira, ya yi amai daga wannan gaɓa har waccan. Amma labarin ya girma a bakinsa. A majalisar unguwa yanzu, shi ya riƙe wa kyaftin sitiyari da ruwa ya haukace.

Da suka shigo garin bai tsaya a gidan da suka kama haya ba. Ya wuce wata inuwar da ya ga iyalai biyu zaune, ya ce nan ma cunkoso ne. Sai da ya kai ƙarshen gari ya ga abin da yake nema: fili fetal na yashi, ko mutum ɗaya babu. Ya gangara da motar kan yashi mai laima, mai tauri kamar kwalta, har sai da ya kusa taɓa ruwa. Hamud ya ajiye tasa can sama a kan tsakuwa.

"Matsoraci!" Halfan ya ƙwala masa. "Ɗan tudu! Sauko, teku ba ya cizo."

"Yaya, ni tawa ban gama biyan kuɗinta ba."

A gindin wani kwalekwale da aka kife, wani tsohon masunci na ɗinkin koma. Musallam ake ce masa. Halfan ya gyara rawaninsa ya je ya yi sallama, suka gaisa yadda ake gaisawa.

"Da labari?"

"Babu labari. Daga wajenku fa?"

"Babu, sai alheri."

Musallam ya kalli motar, ya kalli ruwan, ya ci gaba da ɗinkinsa.

"Baƙo, nan wurin ba naka ba ne."

"Na wa ne? Ban ga allo ba."

"Na teku ne. Fita ya yi, da yamma zai dawo."

"Baba, ni da teku mun san juna. Na riƙe jirgi a Masira."

"To madalla. In ya zo sai ku gaisa."

Aka kafa rumfar yadi kusa da motar, aka shimfiɗa darduma, aka fito da kular nama, akuya guda da aka yanka a hanya da safe. Aka jera ayaba da kwakwa da gurasa. Aka zaunar da Inna Moza a kan kujerarta mai naɗewa. Ba a jima ba Zuwaina ta ɗaga hanci, ta dubi mijinta.

"Baban Hilal, wani abu ya mutu a nan."

Suka waiwaya. Bayansu, a kan busasshen yashi, wani fili na ta ƙyalli kamar an zubar da cokula. Ƙananan kifaye ne masunta suka baza su bushe, abincin shanu da raƙuma. Fararen tsuntsayen teku na shawagi a kai, ƙuda kuwa har sun ji labarin baƙi.

"Iskar teku ke nan," in ji Halfan. "Likita kuɗi yake karɓa ya tura mutum ya shaƙe ta. Ku buɗe ƙirji."

"Yaya, ka ce babu cunkoso," in ji Hamud yana kaɗa ƙuda. "Waɗannan fa, 'yan Ibri ne su ma?"

Inna Moza ta ja mayafi ta rufe hanci. "Marigayi bai kawo ni wannan ɓangaren ba," ta ce.

Bayan azahar Halfan ya naɗe jallabiyarsa zuwa gwiwa, ya ɗauki bokiti ya shiga inda ruwa ya janye. Ya dinga tsamo duwatsu daga cikin kududdufai, masu santsi, baƙaƙe wuluk, suna ɗigar ruwa. Ya jibge su gaban tsohuwar kamar mai kawo lefe.

"Duba, Inna. Kamar ƙwai."

"Marigayi daga busasshen kwari ya ɗebo nasa."

"Allah ya jiƙansa, zamanin ba a waye ba. Dutsen kwari lami ne. Waɗannan da gishirinsu suka zo, ba sai an barbaɗa wa nama komai ba."

"Baban Hilal, ka ji maganar manya," in ji Zuwaina.

"Ke kuma ina ruwanki? Na taɓa shiga miki madafa?"

"Sau ɗaya. Har yau tabon na jikin silin."

Ya tara itace da gawayi, ya jera duwatsun a kai, ya kunna. Wuta ta ƙi. Ya ce laifin ashanar Hamud ne. Ya durƙusa yana hurawa har idanunsa suka yi ja, hayaƙi na binsa duk inda ya juya. Sai la'asar wutar ta kama sosai. Ya miƙe yana tari, ya buga ƙirji, ya ce a fara wanke hannu.

A lokacin ne raƙuma suka sauko.

Kullum da la'asar suke saukowa daga dutse, su kaɗai, ba makiyayi, su zo wajen kifin nan, Musallam ya watsa musu wanda ya lalace. Hanyarsu ɗaya ce tun kakanninsu. Yau sun tarar an kafa rumfa a kanta. Babbar taguwar da ke gaba ta tsaya, ta kalli rumfar, ta sunkuya ta ɗauki nonon ayaba gaba ɗaya.

Yara suka watse da ihu, suka yi wajen motar Hamud. Matar Hamud ta kwashi filas ta bi su. Inna Moza ko motsi ba ta yi ba.

"Ku natsu!" in ji Halfan. "Raƙumi kuma? Ni ɗan Ibri? A kan raƙumi aka yaye ni."

Ya tsaya gaban taguwar, ya ɗaga hannu, ya yi mata irin sautin da ake yi wa raƙumi ya gurfana. Ta daina tauna ta dube shi. Ya sake, da ƙarfi. Ta miƙo wuya a hankali ta zare rawanin daga kansa, ta tauna gefe, ta ji ba daɗi, ta yar cikin ruwa.

"Baƙo!" Musallam ya kira daga can. "Waɗannan na dutse ne, ba sa jin Larabcin arewa."

"Ta gane ni sarai. Wasa take yi da ni."

"Yaya, ka ce mata ta maido ayabar ma, in an gama wasan."

Halfan ya ɗauki gurasa biyu ya ce zai janye su nesa da dabara. Ya yi gaba yana kaɗawa. Raƙuma uku suka bi shi. Ya ƙara sauri, suka ƙara. Ya jefar da gurasar, ɗaya ya tsaya ya ci, biyu suka ci gaba da bin sa don warin gurasar na hannunsa. Sai da ya zagaye motarsa da gudu, ba rawani, sanƙonsa na sheƙi, kafin su gaji da shi. Taguwar kuwa ta zura kai ƙarƙashin rumfa ta sami jakar dabino, ta zauna da gindinta.

Rana ta yi ƙasa. Halfan ya dawo kan wutarsa yana haki. Duwatsun sun bushe, sun fara fari. Ɗaya ya ce tas.

"Yaya, dutsenka na magana."

"Alamar ya nuna ke nan. Haka ƙwararru ke ganewa. Miƙo naman."

"Ka fara sa yanka ɗaya a gani mana," in ji Zuwaina.

"Gwaji na ɗan koyo ne."

Ya shimfiɗa naman akuyar kaf, har hanta da ƙoda. Ya yi cuuu, ƙamshi ya tashi, ƙamshi na gaskiya. Inna Moza ta sauke mayafi daga hancinta. Halfan ya gani. Ya juya ya fuskanci Hamud, ya riƙe ƙugu.

"Ƙanina, in mun tashi komawa ka riƙa barin tazara. Ba na son a manne mini a baya. In na kunna siginar dama, gahawa ke nan. In na..."

Dam!

Dutsen tsakiya ya tashi. Ruwan da ya sha shekara da shekaru ya tafasa a cikinsa, ya nemi hanya. Cinyar akuya ta yi sama. Kafin ta sauko na biyu ya fashe, sai na uku, sai suka haɗa baki kamar ana harbin bindiga. Haƙarƙari ya bi ta kan mota. Hanta ta nufi ƙasar Yaman. Hamud ya kife murfin kula a kansa ya tsaya gaban uwarsa, ta sa sanda ta ture shi gefe wai yana tare mata kallo.

Taguwar ta zabura ta miƙe da rumfar a wuyanta. Turaku suka tumɓuke. Ta sheƙa a guje, yadi na kaɗawa a bayanta kamar amarya ta tsere, sauran suka mara mata baya, suka bi ta tsakiyar shanyar kifi suka watsa shi. Tsuntsaye suka tashi suka rufe sama, suka gano ana rabon nama kyauta, suka sauko.

Mirbat gari ne da in akuya ta yi atishawa a wannan ƙarshen, a wancan za a ce mata sannu. Nan da nan bakin ruwa ya cika. Masu shago, masu dawowa daga kamun kifi, tsofaffin da ke jiran salla a ƙofar masallaci. Wani dattijo ya zo da wuƙarsa a ɗamara, ya sha turare, yana faɗa.

"Wa ke aure ba a gaya mana ba? Harbin nan duk na wa ne?"

"Ba aure ba ne," in ji Musallam. "Baƙo ne ke gasa mudbi."

"Da me? Da albarushi?"

"Da dutsen cikin ruwa."

 Sai wani daga baya ya ce, "Allahu akbar, ashe har yanzu ana haihuwar irinsu."

Halfan ya ɗaga hannu biyu. "Jama'a, ku kwantar da hankali. Haka muke yi a arewa. Naman sai ya sha iska ya fi taushi."

Yana cikin magana ya ji sanyi a idon sawunsa. Ya duba ƙasa. Ruwa ne. Wutar ta ce fuuu ta mutu. Takalman Zuwaina suka wuce ta gabansa, ɗaya na bin ɗaya. Matasan gari suka ɗauki Inna Moza da kujerarta suka kai ta kan tsakuwa. Ruwa ya riga ya kai rabin tayar motar.

"Baƙo," in ji Musallam, "ga abokin naka ya iso."

Halfan ya faɗa motar ya tayar. Aka ce masa ya jira a sa katako, ya ce ya san aikinsa. Ya take mai har ƙasa. Tayoyi suka juya, suka haƙa, motar ta zauna daram a kan cikinta. Ya sa ribas, ta ƙara nutsewa. Mutanen gari suka kawo igiyar jan koma suka ɗaura, suka jeru suna ja suna waƙar da suke yi in kifi ya cika, shi kuma ya leƙo ta taga yana ba da umarni.

"Hagu! Na ce hagu! Ku ja tare mana, ba ku taɓa jan abu ba?"

Wata igiyar ruwa ta zo ta shigo ta tagar, ta cika masa baki. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Da aka jawo motar kan tudu ruwa na zuba ta ƙofofi huɗu, har da ɗan kifi a wajen birki.

Ladan ya ce Allahu akbar.

Halfan ya tuna rantsuwarsa. Ya diro, jallabiya ta manne masa a jiki, ya ruga wajen tsohuwar. Allah da ikonsa, wani yanki na nama ya faɗo a cinyarta tun ɗazu, yana nan a kan mayafi. Gefe ɗaya ya ƙone, ɗayan ɗanye, ko'ina yashi.

"Inna, ga shi! Ci, ladan bai gama ba!"

"Daga hannunka ka ce. Wannan daga sama ya zo."

Ya wawuri naman, ya goge a hannun rigarsa, ya durƙusa, ya ɗaga shi sama don duk garin ya shaida.

"Jama'a, ku gani, daga hannuna..."

Wani farin tsuntsu ya kawo sura ya wuce da shi. Halfan ya zauna da yatsu biyu a sama. Ladan ya ce la'ilaha illallah.

 Musallam ya matso, ya jingina da sandarsa, ya gaishe shi kamar yanzu suka haɗu.

"Baƙo, da labari?"

Ruwa na ɗiga daga gemun Halfan. Amsa ɗaya ce tak ake bayarwa, ko gidanka ke cin wuta.

"Babu labari," ya ce.

Bakin ruwan ya fashe da dariya. Dattijon mai wuƙa sai da aka riƙe shi. Inna Moza ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba. 'Ya'yanta suka tsaya suna kallonta, don sun daɗe ba su ga haka ba.

Bayan salla, gidan Musallam aka kai su, aka ba su shinkafa da kifi, aka ba Halfan aron zane da riga. Hamud ya ce rantsuwa dai ta karye, sai kaffara, ciyar da miskinai goma. Halfan ya ce wannan mai sauƙi ne, gobe zai gasa musu mudbi.

"Me suka yi maka?" in ji tsohuwar.

Da gari ya waye, janwe ta zo daga Salala, irin mai goya mota a baya. Bakanike ya ce a waya sai an kai ta can, don haka hutun duka ya koma Salala, inda Halfan ya ce ta zama kasuwa. Aka ɗora motar aka ɗaure da sarƙa. Halfan na tsaye gefe cikin rigar aro, ta yi masa gajarta. Hamud ya goge kujerar gaba ta motarsa, ya buɗe wa uwarsa ƙofa har da ɗan rusunawa.

Tsohuwar ta zo tana dogara sanda. Ta wuce ƙofar. Ta tsaya gaban janwe ta ɗaga kai.

"Irin wannan tsayin motar marigayi take. Ku ɗora ni."

"Inna, motar kaya ce fa," in ji Hamud. "Kuma ba ki ci naman ba."

"Ban ci ba. Ni na ce maka na ci?"

Zuwaina da direba suka taimaka mata ta hau, Zuwaina ta shiga gefenta. Halfan ya matso gindin tagar, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, da na ji maganarki. Kin ce marigayi daga kwari ya ɗebo duwatsunsa."

Ta gyara zama, ta kalli teku.

"A karo na biyu," ta ce.

Gaban janwe ya cika, babu wurin mutum na huɗu. Hamud ya ce ya zo ya zauna a baya da yara. Halfan bai ko kalle shi ba. Ya kama sarƙa ya haye bayan janwe, ya buɗe ƙofar motarsa, ya shimfiɗa buhu a kan jiƙaƙƙiyar kujera, ya zauna ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya buga rufin sau biyu, direba ya ja. Sannan ya fito da hannu ta taga, ya yi wa Hamud alama ya biyo a hankali, ya kuma bar tazara.